Tashi Gida a Tsakiyar Bazara: A Tono Ɓauren Tin, A Yanki Reshe, Ko A Jira Damina?

Ba kasafai mutum ke zaɓen watan da zai tashi gida ba. Wa'adin haya yakan cika a watan Afrilu, ko magada su sayar da gida su ba da wata guda a kwashe kaya, ko a yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, alhali kuwa a tsakar gidan akwai bishiyar ɓaure da ya dasa da hannunsa shekara huɗu ko biyar da suka wuce, ga shi ta fara ba da 'ya'ya masu zaƙi. Ba ɓauren daji nake nufi ba, wanda ke zama ƙatuwar bishiya a bakin rafi, domin wannan ba a ɗaukarsa. Ina maganar ɓauren gida ne wanda Larabawa ke kira tin, wanda aka ambata a farkon sura ta 95 a Alƙur'ani, asalinsa daga yammacin Asiya da ƙasashen gaɓar Bahar Rum, Turkiyya ce kuma ta fi kowace ƙasa noma shi. Akwai masu shi a gida a wurinmu, a lambunan dutsen Ayar da ke arewacin Nijar kuma, irin na Timiya, an daɗe ana shuka shi tare da rumman da lemo.

Mai irin wannan bishiya yana da hanyoyi kamar huɗu a gabansa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Zai iya tono ta gaba ɗaya ya tafi da ita, zai iya yankar rassa ya je ya dasa, zai iya sa reshe ya yi saiwa tun yana jikin uwarsa sannan ya yanke, ko kuwa ya nemi alfarma a bar masa ita a inda take har ruwa ya sauka. Kafin a auna su, ya kamata a fahimci abin da ke kashe dashe a lokacin zafi, domin a kansa ne duk hukuncin ya rataya.

Bishiya ba da manyan saiwoyinta take shan ruwa ba, da ƙananan nan take sha masu siranta kamar gashi, waɗanda ke can ƙarshen saiwa, nesa da gindi. Saiwoyin tin ba su cika nutsawa ƙasa sosai ba, sun fi yaɗuwa ta gefe, kuma sukan wuce iyakar inuwar bishiyar da nisa, har a tarar da su a ƙarƙashin daɓen maƙwabci. Saboda haka duk wanda ya tono ta, komai ƙwarewarsa, mafi yawan masu shan ruwan a tsohon gida zai bar su. Ganyen kuwa ba ruwansa da abin da ya faru a ƙasa. Faffaɗa ne, kuma zai ci gaba da fitar da ruwa kamar gumi, a ranar da zafi ya kai digiri 40 ko ya haura, kamar yadda yake yi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai a watannin Afrilu da Mayu, ga iska busasshiya. Abin da ke fita ya fi abin da ke shiga, sai ganye ya yi yaushi, sai ya ƙone daga baki, sai bushewar ta gangaro rassa. Ko an cika ramin da ruwa ba zai hana ba, tunda matsalar ba rashin ruwa a ƙasa ba ce, rashin bakin shansa ne.

Tono bishiyar gaba ɗaya shi ne abin da zuciya ke fara rayawa, kuma ba laifi ba ne, domin tin yana da taurin rai fiye da mangwaro ko lemo. Ko samansa ya bushe, sau da yawa yakan sake toho daga gindi. Amma wannan hanya ta dace ne da ƙaramar bishiya, wadda ba ta wuce shekara biyu ko uku ba, kaurin gindinta kuma bai kai wuyan hannun babban mutum ba. Masu renon itatuwa suna da ƙa'idar da suke bi: kowane santimita ɗaya na faɗin gindi, a bar wa dunƙulen ƙasar da ke riƙe da saiwa faɗin santimita 10 zuwa 12. Bishiyar da gindinta ya kai santimita 6 ke nan tana bukatar dunƙule mai faɗin santimita 60 zuwa 70, zurfinsa kamar santimita 40, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa mai wannan girma takan kai nauyin buhun siminti uku. Ba aikin mutum ɗaya da baro ba ne, sai majiya ƙarfi uku da a-kori-kura. Idan gindin ya kai kaurin cinya, lissafin ya wuce abin da leburori za su ɗaga, abin da za a ɗauko a ƙarshe kututture ne da guntayen saiwa.

Ƙasar gidan ma tana da ta cewa. Inda ƙasa ke da laka, dunƙulen yakan riƙe kansa. A jigawa kuwa, wadda ita ce ƙasar yawancin unguwanninmu, da an cusa shebur ƙarƙashi sai rairayin ya zube ya bar saiwa tsirara, mintuna kaɗan kuma a iskar bazara sun isa su busar da ƙananan saiwoyin. Dalili ke nan da ya sa ake shayar da bishiyar sosai kwana biyu kafin ranar, a tanadi buhunan algarara ko tsofaffin zannuwa a jiƙe, a naɗe dunƙulen tun yana cikin rami a ɗaure da igiya tamau.

Wanda ya zaɓi wannan hanya dole ya yarda da abu mafi ciwo a cikinta, wato sare rabi zuwa kashi biyu cikin uku na rassan, da tsinke duk 'ya'yan da ke jiki, da rage ganyen da ya saura har ya zama 'yan ƙalilan. Mutane a nan suke kasawa. Ni ma a nan na kasa, shekarun baya da muka tashi daga wani gidan haya ana saura kwanaki kaɗan a shiga Mayu. Bishiyar tana ɗauke da 'ya'ya kore shar, na ga ba zan iya zubar da su ba, na ce a ɗauko ta yadda take. Mun tono da hantsi, motar ta makara, ba mu sa ta a rami ba sai bayan azahar. Washegari ganyen ya rataye kamar tsumma, a kwana na huɗu yana karyewa a hannu kamar takarda, 'ya'yan da na yi wa rowa kuma suka yanƙwane suka zube ɗaya bayan ɗaya. Ta sake toho daga ƙasa bayan ruwa ya zauna, amma gangar jikin da na yi shekara huɗu ina reno ta tafi, na koma daidai inda mai yankan reshe zai fara, ga kuɗin mota da na leburori a sama.

Da na san abin da na sani yanzu, da ramin sabon gida na fara haƙawa, mai faɗi ninki biyu na dunƙulen amma zurfinsu ɗaya, in cika shi da ruwa ya tsotse. Da sai bayan la'asar za a fara tonon, a yanke saiwoyi da kaifin adda ko zarto maimakon a fizge su, a rufe bishiyar da buhu a cikin mota saboda iskar tafiya, a dasa da magariba domin ta sami dare guda cikin sanyi kafin ta haɗu da rana. Ba a zurfafa ta fiye da yadda take a da, ba a kuma zuba takin zamani ko ɗanyen kashin kaji a ramin, domin saiwar da ke da rauni ƙonewa take yi. A kafa mata rumfar zana ko asabari ta ɓangaren yamma da sama na tsawon mako uku zuwa huɗu, a shafa wa gangar jikin farar ƙasa, tunda ɓawon da ya saba zama a inuwar ganye yakan tsage idan rana ta buge shi kai tsaye. A baza ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa a kewaye don riƙe danshi, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gindin, a riƙa kuma ɗagawa ana dubawa, domin gara ba abin da take so kamar busasshen abu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce kuɗin da ba a lissafawa. A makonnin farko dashen zai bukaci kamar jarka guda kullum ko bayan kwana ɗaya, gwargwadon ƙasar, kuma bazara ce lokacin da rijiyoyi ke ja da baya, 'yan garuwa su ƙara kuɗi. Wanda zai koma sabuwar unguwa da ba famfo ba burtsatse ya yi wannan lissafi tun kafin ya kira masu diga. Yawan ruwan ma illa ne. Bishiyar da aka rage wa ganye ba ta shan abin da take sha a da, idan ramin ya zama taɓo saiwar ruɓewa za ta yi, alamarta kuma iri ɗaya ce da ta ƙishi, sai mai ita ya ƙara zubawa. A tura yatsa cikin ƙasar kafin a ɗauko bokiti.

Yankan reshe ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Haka kakanninmu suka dasa cediya da durumin da ke ƙofar gidaje da bakin kasuwanni: a sare reshe a kafa shi da damina, ya kama. Su da tin dangi ɗaya ne, kuma tin yana cikin itatuwan da suka fi saurin yin saiwa daga reshe. Abin da ya sa na fi ba wannan hanya muhimmanci shi ne, abin da mutum ke ƙauna a bishiyarsa, wato zaƙin 'ya'yan da girmansu da launinsu, yana cikin kowane reshe nata. Dashen reshe ita ce dai uwar ba canji, saɓanin shuka ƙwayar iri, wadda ba a san abin da za ta haifar ba. Wanda ya tafi da rassa goma a cikin jiƙaƙƙen tsumma ya tafi da bishiyarsa, abin da ya bari shekaru ne kawai.

Ana zaɓen reshen bara wanda ya yi ƙwari ya koma ruwan toka, ba ɗanyen toho ba, mai kaurin fensir zuwa ɗan yatsa, a yanka tsawon santimita 20 zuwa 25 da gaɓa uku ko huɗu. A cire ganyen duka, ko a bar rabin ganye ɗaya a sama. A cusa kashi biyu cikin uku a baƙar ledar reno ko bokitin fenti da aka huda, cikin yashi da aka gauraya da ɗan ruɓaɓɓen taki, a kula kada a kifa shi, domin reshen da aka dasa kai a ƙasa ba ya yi. A ajiye a inuwa mai haske, gindin katanga ta gabas ko kusa da randa. Saiwa takan fito cikin mako uku zuwa shida. Akwai tarko guda: reshen yakan fitar da ganye kafin ya yi saiwa, da abincin da ke cikinsa, sai mutum ya ɗauka ya kama ya fitar da shi rana, kwana biyu ya mutu. A jira sai an ga farar saiwa ta leƙo ta hudar leda.

A bazara ba duka ne za su yi ba, shi ya sa ake yanka da yawa, tunda ba a sayen su. Raunin wannan hanya jira ne. Dashen reshe yakan fara ba da 'ya'ya kaɗan a shekara ta biyu, wani lokaci ma kafin haka idan ya sami kulawa, amma sai shekara ta uku ko ta huɗu zai kai abin da uwar ke bayarwa, kuma a duk tsawon lokacin akuya ɗaya da ta sami ƙofa a buɗe ta isa ta gama da shi. Sai dai in an kwatanta da babbar bishiyar da aka tono a zafi, wadda ita ma za ta rasa 'ya'yan bana kuma ta yi shekara guda ko biyu tana farfaɗowa, tazarar ba ta kai yadda ake zato ba.

Wani abin da ke ƙara wa reshe daraja shi ne cuta. Tin yana fama da wasu ƙananan tsutsotsi na cikin ƙasa da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, sun kuma fi yawa a ƙasa mai rairayi da zafi, musamman inda aka taɓa shuka tumatir ko kuɓewa. Wanda ya ɗauko dunƙulen ƙasa ya ɗauko su zuwa sabon gida, mai reshe kuwa ya bar su a baya. Yana da kyau a ɗan tona gefe a duba saiwa kafin a yanke shawara. Idan an ga ƙullin, maganar tono ta ƙare.

Kowace hanya aka bi, a yi hattara da farin ruwan nan mai kama da nono da ke fita daga yankan. Idan ya taɓa fata rana kuma ta buga wurin, yana sa ƙaiƙayi da ƙuna, wani har ya yi bororo ya bar tabo. A sa riga mai dogon hannu da safar hannu, a wanke da sabulu nan take, a kuma hana yara wasa da rassan da aka sare.

Tsakanin tono da yankan reshe akwai ɗaurin reshe, wanda a ganina ya fi kowanne kyau ga mai sauran wata biyu kafin ya tashi. Ana zaɓen reshe mai kaurin babban yatsa ko fiye, a zagaye shi da wuƙa a ɓare ɓawon kamar santimita 2 zuwa 3, a kankare santsin da ke ƙasan ɓawon, a lulluɓe wurin da jiƙaƙƙen garin katako da ya ruɓe ko ƙasa mai laushi cike da hannu biyu, a naɗe da leda a ɗaure sama da ƙasa. A zafinmu sai an ƙara rufe ledar da farin buhu ko kwali, in ba haka ba rana za ta dafa abin da ke ciki. Uwar tana ci gaba da shayar da reshen yayin da yake yin saiwarsa, saboda haka zafin bazara ba ya cutar da shi, taimaka masa ma yake yi. Bayan mako huɗu zuwa takwas, idan saiwa ta cika ledar, a yanke daga ƙasan ɗaurin, a rage ganye, a sa a bokiti a inuwa. Abin da ke hannun mutum a ranar ƙaramar bishiya ce mai tsawon mita guda, wadda ta riga dashen reshe da kusan shekara. Aibinsa ɗaya ne, ba ya yi wa wanda aka ba mako biyu. Shi wannan sai ya duba gindin bishiyar, domin tin yakan fitar da 'ya'yan toho daga ƙasa, kuma wanda aka ɓanɓaro da 'yar saiwarsa ya fi reshe saurin kamawa.

Jira kuwa magana ce ta mutane fiye da ta noma. A ƙasashen da tin ya fito, da wurare irin su Kalifoniya a Amurka, bishiyar takan zubar da ganye ta yi barci a lokacin sanyi, a nan ne suke tono ta ba tare da fargaba ba. A wurinmu barcin ba ya cika, ko da yake takan rage ganye da hunturu. Lokacin da ya fi mana shi ne farkon damina bayan ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli a yankin Kano, sa'ad da sama ke da gajimare iska kuma ke da laima. Ban so a kai Agusta ba inda ƙasa ke riƙe ruwa. Disamba da Janairu ma suna yi ga mai wadatar ruwa, sai dai iskar hunturu tana busarwa. Daga Afrilu zuwa Yuli wata uku ne kacal, kuma wanda ya sami wannan dama zai iya ninka ta: tun yanzu ya zagaye bishiyar da shebur ya yanke saiwoyin rabin kewayen, bayan wata guda ya yanke sauran, domin ta fitar da sababbin ƙananan saiwoyi kusa da gindi, cikin dunƙulen da za a ɗauka.

Matsalar ita ce gidan ya bar hannunsa. A al'ada da shari'a, idan an sayar da fili, itatuwan da ke kafe a cikinsa suna bin sa sai in an yi sharaɗi, don haka mai sayarwa ya faɗa a gaban shaidu kafin a sa hannu, ɗan haya kuma ya nemi izinin mai gida tun da wuri. Ko an amince, sabon mai gida yana iya kawo magina a mako na biyu su jibge yashi da bulo a kanta, ko a rufe gidan ba mai zuba mata ko kofi guda. Alkawarin baki a kan bishiya ba abin dogaro ba ne, ba don mutane mugaye ne ba, sai don ba su san darajarta ba.

Idan aka haɗa duka, ga yadda nake gani. Bishiyar da ba ta wuce shekara uku ba, ga ruwa a sabon gida, ga wanda zai kula da ita kullum, a tono ta da yamma a sare ta ba tausayi. Idan sabon gidan ba a gama gininsa ba, ko shi ma haya ne, a sa ta a rabin ganga da aka huda maimakon ƙasa, domin tin yana zama lafiya a ganga shekaru, ana kuma iya jan ta zuwa inuwa. Bishiyar da ta haura shekara biyar, a bar ta ta yi wa masu shigowa amfani, a tafi da ɗauri biyu ko uku idan akwai lokaci, ko rassa goma idan babu. Wadda ke tsakani ita ce ta cancanci a roƙi alfarmar jiran damina. A dukan halayen uku ina yankar rassa a ranar da na san zan tashi, tun kafin in san ko za a bar ni in dawo, domin rassan da za a sare wa wadda za a tono ma zubarwa za a yi, alhali kowane ɗaya yana iya zama bishiya.

Wurin dasawa a sabon gida shi ne abin da ake yi wa gaggawa ranar tashi, ana fama da gadaje da tukwane. Saiwar tin tana bin danshi, saboda haka a nisanta ta da sokawe da bututun ruwa da harsashin gini da aƙalla mita uku zuwa huɗu, a zaɓi inda take samun ranar safe har zuwa azahar, katanga kuma ta tare mata ta yamma. A kewaye ta da waya ko ƙaya tun daren farko, kafin a san ko maƙwabta suna sakin awaki.